Lamba Biyu Cikin Shekara Sittin

Duk bayan shekara huɗu, idan aka buɗe wasannin Olampik, akwai wani ɗan lokaci da bai kai minti guda ba wanda ƴan Nijar ke jira a gaban talabijin, wasu har tsakar dare. Shi ne lokacin da mai shela zai kira sunan ƙasar, a ga tuta mai ruwan goro da fari da tsanwa ta shigo fili, da ƴan tsirarun mutanen da ke biye da ita. Sau da yawa ba a gama ƙirga su ba sai tawagar Najeriya ta danno kai, saboda a jerin baƙaƙen boko sunayen ƙasashen biyu maƙwabtan juna ne kamar yadda iyakokinsu suke. Daga nan kuma sai shiru. Mako biyu za a yi ana raba zinariya da azurfa, sunan Nijar bai sake fitowa ba, in ban da ranar da gidan rediyo zai ba da labari a taƙaice cewa an fid da wane tun zagayen farko.

Lissafin ba shi da wuyar riƙewa. Daga Tokiyo a 1964 zuwa Paris a 2024, shekara 60 ke nan, Nijar ta halarci waɗannan wasanni sau 14 (ban da na ƙanƙara, waɗanda ba ruwan ɗan Sahel da su), ta komo gida da lambar yabo biyu: ta tagulla a Munik a 1972, ta azurfa a Riyo a 2016. Tsakanin ta fari da ta biyu akwai shekara 44. Yaron da aka raɗa wa suna cikin makon da aka rataya wa Isaka Dabore tasa lambar, ya fara furfura, watakila ma har ya aurar da ɗiya, kafin ya ga an rataya wa Alfaga.

Idan aka ta da zancen a majalisa, amsar da ke saurin fitowa ita ce Nijar ƙaramar ƙasa ce, ba za ta yi gogayya da manya ba. Wannan amsa tana buƙatar a tsaya a dube ta da kyau. Ƙasar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, wadda mutanenta suka haura miliyon 25, ba a kiranta ƙarama sai in an sake ma'anar kalmar. A Paris a 2024, Julien Alfred ta tsibirin Santa Lusiya ce ta cinye tseren mita 100 na mata, alhali mutanen ƙasarsu gaba ɗaya ba su kai dubu 200 ba, wato birnin Maraɗi shi kaɗai ya fi su yawa. A wannan karo dai Thea LaFond ta ɗauko wa tsibirin Dominika zinariya a wasan tsalle uku, ƙasar da mutanenta ba su wuce dubu 70 da wani abu ba. San Marino kuwa, wadda ke ƙunshe cikin Italiya kamar ƙwallon dabino, ƴan wasa biyar ta aika Tokiyo a 2021, suka komo da lamba uku. Gaskiya ne cewa ƴaƴan waɗannan tsibirai suna da gata: jami'o'in Amurka na kusa da su, can ake ɗaukar su a horar da su, kuma Alfred kanta a jami'ar Texas ta gama ƙwarewa. Gaskiya ne kuma cewa Nijar ba ita ce ƙutal ba a yankinta, tun da Mali da Cadi da Benin ba wadda ta taɓa samun lamba ko guda, Burkina Faso ma sai a 2021 Hugues Fabrice Zango ya buɗe mata ƙofa. Amma duk wannan bai sa uzurin ƙanƙanta ya tsaya da ƙafarsa ba. Abin da ya yi wa Nijar ƙaranci shi ne shiri, kuma tarihin lambobin nan biyu shi ne shaida.

A 1964 ƙasar tana da shekara huɗu da samun mulkin kai, Jori Hamani yana kan kujera. Mutum guda tak ta aika Tokiyo: Isaka Dabore, ɗan damben boko, haifaffen Dingazi ta ƙasar Zarmaganda a 1940. Shi ne tawagar, shi ne dukan fatan ƙasa. Bai je yawon buɗe ido ba, domin sai da ya kai sahun mutum takwas na ƙarshe a ajinsa, inda Pertti Purhonen na Finlan ya tsere masa da ƙyar. Da ya ci wannan karawa da tun ran nan Nijar ta shiga littafi. Ya koma Meziko a 1968, bai dace ba. Wani da tuni ya rataye safar hannu ya nemi abin yi, to amma Dabore ya sake ɗaura ɗamara karo na uku, yana da shekara 32, shekarun da masana dambe ke cewa ƙafa ta fara nauyi.

A Munik ne abin ya tabbata, a ajin masu nauyin kilo 63 da rabi. Ya yi ta kawar da abokan karawa har ya kai zagayen kusa da na ƙarshe, inda Angel Angelov na Bulgariya ya tare masa hanya. A ƙa'idar damben Olampik duk mutum biyun da suka faɗi a wannan zagaye ana ba su tagulla, saboda haka Dabore ya hau dandamali tare da Zvonimir Vujin na Yugoslabiya, Ray Seales na Amurka kuma ya ɗauki zinariya. Duniya ta fi tunawa da wasannin Munik saboda harin da aka kai wa ƴan wasan Isra'ila ranar 5 ga Satumba, shi ya sa labarin ɗan Zarmaganda bai yi nisa ba a jaridun ƙetare. Wani abin lura a nan: a wannan shekara Gana lamba guda ta samu, ta tagulla, a dambe, ta hannun Prince Amartey, Najeriya ma guda ce, ta tagulla, a dambe, ta hannun Isaac Ikhouria. Ashe a 1972 Nijar kafaɗa ɗaya take da manyan maƙwabtanta. Dabore ya riga mu gidan gaskiya a watan Disamba na 2021, Allah ya ji ƙansa. Ya dai yi tsawon ran da ya ga magajinsa.

Abin da ya kamata ya biyo bayan Munik sananne ne: a tara yara kewaye da wanda ya san hanya, a gina makaranta bisa sunansa, a bi sawun tun bai shafe ba. Sai al'amura suka juya. Fari ya ci ƙasa a 1973 da 1974, sojoji suka karɓi mulki cikin watan Afrilu na 1974. A 1976 ƙasashen Afirka sama da 20 suka ƙaurace wa wasannin Monreyal, domin an ƙi korar Niyu Zilan wadda ƴan wasanta na rugbi suka je wasa Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata, a shekarar da aka karkashe ƴan makaranta a Soweto. Nijar na cikin waɗanda ba su yi wasa ba, kuma ba mai ganin laifinta a kan wannan. A 1980 ma ba ta je Mosko ba, lokacin da ƙasashe masu yawa suka janye saboda shigar sojojin Tarayyar Sobiyet Afganistan. Sai a 1984, a Los Anjales, aka sake ganin tutar. Shekara 12 ke nan ba a taka filin ba, kuma abin takaici, cikin waɗannan shekaru ne kuɗin uraniyom ya fi shigowa baitulmali. Lokacin da aljihu ke da nauyi ba a zuwa, lokacin da aka koma zuwa aljihun ya huje. Samarin da suka tashi da sunan Dabore a bakinsu ƙuruciyarsu ta wuce ba su samu filin gwaji ba.

Tun daga 1984 ba a sake fashi ba, amma ya kamata mai karatu ya san ta wace ƙofa ake shiga. Ƙofa biyu ce. Ta farko ita ce ta cancanta: ɗan wasa ya kai ma'aunin da aka gindaya, ko ya ci gasar neman gurbi ta nahiyarsa. Ta biyu ita ce ta gayyata. Kwamitin Olampik na duniya yana son a ga kowace tuta, saboda haka ya keɓe ƴan gurabe, musamman a guje-guje da ninƙaya, ga ƙasashen da ba su da wanda ya kai ma'auni, akwai kuma wani kwamiti da ke raba katin gayyata a sauran wasanni. Niyyar kyakkyawa ce, da babu ita da ƙasashe da dama ba su taɓa leƙa wurin ba. Ta wannan ƙofa ta biyu ce yawancin ƴan Nijar suka riƙa shiga, kuma wanda aka gayyata biki bai cika komowa da amarya ba.

Labari biyu sun ishi misali. A Sidni a 2000, an jera mutum uku a zagayen farko na ninƙayar mita 100: Karim Bare na Nijar, da Farkhod Oripov na Tajikistan, da Eric Moussambani na Gini Ikwatoriya. Bare da Oripov suka faɗa ruwa kafin a ba da izini, aka fid da su nan take. Moussambani ya yi iyonsa shi kaɗai, da ƙyar ya kai gaɓa cikin minti 1 da daƙiƙa 52, ya wayi gari sananne a duniya. Ɗan Nijar kuwa ya ƙetare rabin duniya, ya komo ba a rubuta masa ko lokaci ba. Na biyu shi ne Hamadu Jibo Isaka, wanda aka aika London a 2012 yana da shekara 35 domin tseren kwalekwale na mutum guda. Wata uku kacal ya yi yana koyon irin wannan jirgi kafin gasar. A tseren mita 2000 ya iso sama da minti guda bayan na farko, ƴan kallo suka miƙe tsaye suna yi masa tafi, jaridun Ingila suka yi ta buga hotonsa. Steve Redgrave, gwarzon wannan wasa na Ingila, ya fito ya ce bai dace a ba shi gurbin ba alhali ga waɗanda suka fi shi an bar su a gida.

Ba wanda ya isa ya yi wa Jibo dariya. Mutumin da ya yarda ya zauna cikin jirgin da bai saba da shi ba, a gaban idon duniya, ya tuƙa har ƙarshe bai tsaya ba, namiji ne. Amma tafin da aka yi masa irin wanda ake yi wa yaro ne in ya fara tafiya, kuma ƙasa mai shekara 52 da ƴanci bai kamata ta riƙa murna da irinsa ba. Wata ukun nan su ne hoton yadda ake shirin Olampik a ƙasashe da yawa irin Nijar: a yi barci shekara uku da wata tara, a farka a nemi wanda ke da fasfo. Kuma an sha jin koke, a nan da sauran wurare cikin Afirka, cewa a jirgin da ke kai tawaga masu riga da wando na ofis kan fi masu wasa yawa.

Shekara huɗu bayan London sai ga wani saurayi dogo, wanda tsayinsa ya haura mita biyu, Abdul Razak Isufu Alfaga, haifaffen Disamba na 1994. Shi ba da katin gayyata ya shiga ba. A farkon 2016, a birnin Agadir na Maroko, ya ƙwaci gurbinsa a gasar Afirka ta taikwando, wasan faɗa na ƙasar Koriya da ake yi da ƙafa fiye da hannu. A Riyo, a ajin masu nauyin sama da kilo 80, ya kawar da ɗan Faransa, ya kawar da ɗan Brazil a gaban jama'arsa, sa'an nan a zagayen kusa da na ƙarshe ya doke Dmitriy Shokin na Uzbekistan, wanda a lokacin shi ne zakaran duniya. A karawar ƙarshe, daren 20 ga Agusta, Radik Isaev na Azarbaijan ya fi shi. Azurfa ke nan, a hannun yaro ɗan shekara 21. Domin kada a ce sa'a ce, shekarar da ta biyo, a garin Muju na Koriya ta Kudu, gidan masu abin, ya zama zakaran duniya na ajin manya.

An yi kiɗi, an yi tarba, magabata sun yi jawabi, kuma duk ya cancanta. Sai dai in za a faɗi gaskiya, ƙasar ta girbi abin da ba ita kaɗai ta shuka ba. Wani ɓangare na ƙuruciyar Alfaga a Togo ya yi shi, ƙwarewarsa kuwa a Jamus ta nuna, a garin Friedrichshafen, da taimakon asusun da Kwamitin Olampik na duniya ya keɓe wa ƴan wasan ƙasashe marasa ƙarfi. Wannan ba abin kunya ba ne, haka kowa ke yi. Abin tambaya shi ne: yara nawa masu irin ƙirarsa ke Tawa da Gure da Madawa waɗanda ba wanda ya taɓa auna tsayinsu? A Tokiyo a 2021 da Paris a 2024 Alfaga bai samu lamba ba, domin jiki da jini, kuma abokan karawa sun yi nazarinsa. Ƙasar da ta ɗora kayanta duka bisa raƙumi guda, ranar da ya yi ɗingishi ayarin ya tsaya.

Akwai wata da ba a cika ambata ba, alhali ta cancanci a ambace ta. A Tokiyo, Tekiath Ben Yessouf ta kai har karawar neman tagulla a taikwando, ajin kilo 57, inda Lo Chia-ling ta Taiwan ta rinjaye ta. Karawa guda ce ta raba Nijar da lamba ta uku, kuma da an same ta da mace ce ta kawo.

Idan aka jera waɗannan sunaye uku, Dabore da Alfaga da Ben Yessouf, abu guda zai bayyana: duk lokacin da Nijar ta kusanci dandamali, ta wasan gaba da gaba ne, inda mutum biyu ke fuskantar juna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ninƙaya na son tafki mai tsawon mita 50 da ruwa mai tsabta shekara duka. Kwalekwalen tsere guda ya fi ƙarfin kasafin ƙungiyar wasa. Guje-guje kuwa duniya duka ke yin su, mutum zai gamu da Jamaika da Amurka a gajeren zango, Kenya da Habasha a dogo. Wasan faɗa shimfiɗa yake so, da malami, da abinci, da kuɗin jirgi zuwa gasa. An kuma raba shi aji-aji bisa nauyi, kowane aji da lambobinsa, nahiyar Afirka tana da gurabenta na kanta. A taikwando kimanin mutum 16 ne a kowane aji, karawa huɗu ke tsakanin mutum da zinariya. Ta nan Anthony Obame ya ba Gabon lambarta ta farko a 2012, ta nan Cheick Sallah Cissé ya ba Kodibuwar zinariyarta ta farko a 2016, ta dambe kuma David de Pina ya ba Kap Ber tata a 2024.

A nan ne zancen ke isowa inda ya fi ciwo. Ƙasar da duk lambobinta na faɗa ne, tana da wasan faɗa wanda ya fi kowane wasa farin jini a cikinta, amma ko lamba guda bai kawo ba. Tun 1975, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta shirya gasar kokowa ta ƙasa karo na farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, ba abin da ke tsai da Nijar cik kamar kwanakin kokowa. Kasuwa na yin sanyi, ofisoshi na zama kufai, direba na tsai da mota gefen hanya domin ya saurari rediyo. Yaron da bai san sunan ministan wasanni ba ya san Kantu, ya san Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, da Langa-Langa na Damagaram, da Isaka Isaka wanda ya ɗauki takobi sau da yawa. Kowace jiha na da filinta. Kowane ƙauye na da dandalinsa bayan kaka, inda ake tace samari ba da sisin gwamnati ba. Ƙasashen Turai kuɗi masu yawa suke kashewa domin su gano yaro mai ƙarfi da dabara, a nan kuwa makaɗa ne ke yin aikin kyauta. Kuma kokowa tana cikin wasannin Olampik tun na farko a 1896.

Wanda ke ganin abin mafarki ne ya dubi Mongoliya. Ƙasa ce marar teku, mai faɗi, mai hamada, ta makiyaya, mutanenta ba su kai miliyon huɗu ba, kuma ita ma tana da kokowar gargajiya wadda ake yi a babban bikinta na Naadam. Shekara guda suka fara zuwa da Nijar, wato Tokiyo 1964. A Meziko a 1968 Mongoliya ta samu lamba huɗu, dukansu a kokowa, kuma wanda ya kawo azurfar, Jigjidiin Mönkhbat, zakaran kokowar gargajiya ne a gida. A 2008 Naidangiin Tüvshinbayar ya kawo mata zinariyar farko a judo. Yau lambobinta sun haura 30, kusan dukansu na kokowa da judo da dambe, sai kaɗan na harbi. Lalle ta samu malamai da tsari daga Tarayyar Sobiyet, abin da Nijar ba ta samu ba. Amma dabarar ba ta Sobiyet ba ce: a ɗauki abin da jama'a suka riga suka iya, a koya masu ƙa'idar baƙi. Kusa da gida ma, jihar Bayelsa ta Najeriya, inda kokowar gargajiya ke da ƙarfi, ita ta haifi Daniel Igali wanda ya ci wa Kanada zinariya a 2000, da Blessing Oborududu wadda ta kawo wa Najeriya azurfa a 2021.

Kada dai a ɗauka za a kama sarkin ƴan kokowa a sa shi jirgi ya je ya kwaso lamba. Wasannin biyu ƴan uwa ne, ba tagwaye ba. A filin gargajiya bisa rairayi ake yi, da an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, kuma a neman takobi ba a raba aji, ƙarami na iya gamuwa da ƙato. A Olampik bisa shimfiɗa ake yi, zagaye biyu na minti uku-uku, ana ƙirga maki, faɗuwa kuwa mafarin wani sabon faɗa ne a ƙasa, har sai an danne kafaɗu biyu ko lokaci ya cika. Wannan faɗa na ƙasa shi ne ɗan kokowar gargajiya bai sani ba, kuma ba a koyonsa a shekara 28. Yaro ɗan 12 zuwa 15 ake kamawa. Sa'an nan akwai maganar abinci: wanda ya ɗauki takobi yana samun doki da rawani da miliyoyin sefa, makaɗa na wasa shi, ƴan kasuwa na yi masa kari, sunansa na shiga kowane gida. Me zai kai shi wani ɗaki mai sanyi a ƙasar waje, ba kiɗi, ba kirari, ba cali-cali, alƙali ma ya ce ya tuɓe layunsa? In ana son ƙaninsa ya bi wannan hanya, sai an tabbatar masa da makaranta da abin sawa a baki da sana'ar da zai koma wa in ƙarfi ya ƙare.

Akwai masu cewa ƙasar da ke fama da yunwa da rashin tsaro ba ta da kuɗin ɓatawa a wasa. Maganarsu tana da nauyi, ba kuma sabuwa ba ce. An yi ta da ƙarfi a 2005, shekarar da aka yi ƙarancin abinci bayan fari da fara, kuma a cikinta Yamai ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, daga 7 zuwa 17 ga Disamba, zamanin Tanja Mamadu. An gina unguwa guda domin baƙi, an gyara filaye, an sa kokowar gargajiya cikin shirin, an kuma sallami baƙi lafiya, abin da mutane da dama suka yi zaton ba zai yiwu ba. Wannan ya nuna ƙasar na iya ɗaukar babban nauyi na kwana goma in ta sa kanta. Abin da ba ta nuna ba tukuna shi ne ɗaukar ƙaramin nauyi na shekara goma. Kuɗin shimfiɗa takwas, guda a kowane babban birnin jiha, da albashin malamai, da ciyar da yara ƴan ƙalilan, bai kai kuɗin bikin buɗe taro guda ba. Kuɗin da ake jin zafinsa shi ne wanda aka riga aka saba kashewa domin a kai mutane su yi maci bayan tuta su komo.

Wata ƙofa ma ta buɗe wadda ba ta nan zamanin Kantu. Hukumar kokowa ta duniya ta amince da kokowar rairayi, wadda ake yi a tsaye cikin da'ira, mai kama da ta gida ƙwarai, an kuma sa ta cikin shirin wasannin Olampik na matasa da aka ba Dakar na 2026, karo na farko da wata gasar Olampik ta sauka a Afirka. Senegal, babbar abokiyar hamayyar Nijar a fagen kokowa, ta daɗe tana aika ƴan kokowarta Olampik, maza da mata. Gini Bisawo ma, wadda mutanenta ba su wuce miliyon biyu da kaɗan ba, tana samun gurbi da ƙarfinta.

Wasanni masu zuwa a Los Anjales za a yi su, cikin watan Yuli na 2028. A lokacin Alfaga yana da shekara 33. A kokowa, bisa yadda aka saba, ana fara raba gurabe ne a gasar duniya ta shekarar da ta gabaci wasannin, sa'an nan a yi gasar neman gurbi ta Afirka da Oseyaniya, wadda ta Paris aka yi ta a Iskandariya ta Masar cikin watan Maris na 2024. Gurbi biyu ake bayarwa a kowane aji, azuzuwan kuwa 18 ne: shida na kokowar sake ta maza, shida na irin ta Girka da Rum wadda ba a kama ƙafa, shida na mata.